Neman kalma: me za mu kira "absurd comedy" da Hausa?

Mai Shiri: Assalamu alaikum. Gobe da safe zan naɗi shirin sharhin fina-finai, kuma zan karanta ra'ayin wata mai kallo da Hausa. A fim ɗin an naɗa agogon bango shugaban ma'aikata, kowa na shiga ya gaishe shi ya ajiye masa takardu, babu wanda abin ya ɗaure wa kai. Ta ce ta yi dariya har da hawaye, amma sakataren da ke goge agogon kullum yana jiran ƙarin girma ya ba ta tausayi. Ta kira shi "absurd comedy", ta kuma yaba "characterization". Ku taimaka.

Ɗalibar Adabi: Wa alaikumus salam, Yaya. Na biyun a aji muna cewa fito da halayen taurari. Na farkon, me zai hana camama?

Mai Shiri: Camama ɗan wasa ne ke shirme, sauran suna kallonsa a mai shirme. Nan duniyar ce gaba ɗaya ta kife, mutanen cikinta kuwa da gaske suke. Da sakataren ya san abin dariya yake yi, da tausayin ya tafi.

Tafinta: To barkwancin shirmen gangan. Mai fim ya san abin da yake yi, taurarin ne ba su sani ba.

Maƙerin Kalma: Ya yi tsawo a rediyo. Na daɗe ina ba da shawarar wautariya, wato wauta da dariya. Kalma ɗaya, ta zauna a baki.

Malam: Wautariya ba Hausa ba ce. Mu da jimla muke harɗa kalma: soki-burutsu, shaci-faɗi, faɗi-tashi. Yanke kan wata a liƙa wa wutsiyar wata ɗabi'ar Turanci ce. Kuma wauta ta taurari ce, alhali an ce sakataren ba wawa ba ne. Asalin kalmar "absurd" daga Latin take, ma'anarta abin da sautinsa ya kauce, bai dace da kunne ba. Da ita masanin wasan kwaikwayo Martin Esslin ya laƙaba wa wani nau'in wasan kwaikwayo suna a 1961. Rashin dacewa ake nufi, ba rashin wayo ba.

Maƙerin Kalma: Allah ya gafarta Malam, idan matashi ya ƙirƙiro kalma sai a ce ba Hausa ba ce, idan daga jami'a ta fito sai a karɓa. Kalmar "fim" da muke ta faɗa ma, ai aro muka yi.

Malam: Aro daban, gurɓata ginin kalma daban. Shekaruna a wannan fage ba na wasa ba ne.

Ɗalibar Adabi: Don Allah a yi haƙuri, gobe za ta naɗa.

Tafinta: A bi maganar Malam: barkwancin da hankali ba ya ɗauka. Ki faɗa sau ɗaya da labarin agogon, daga nan ki riƙa cewa irin wannan barkwanci.

Mai Shiri: Na ɗauki wannan, da fito da halayen taurari. Na gode muku.

Malam: Bayani ne, ba suna ba. Ki yi aiki da shi gobe, amma sunan yana nan ba a samu ba.

Maƙerin Kalma: Ni dai wautariya zan ci gaba da rubutawa.