Bitar da na shirya ta watse, kuma oga ya ce in sake ranar Asabar

Ummu Nabila: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ku yi haƙuri da tsawon rubutu, kaina ne ya kulle. Ina aiki da wata ƙaramar ƙungiya a nan Kano tun da na gama bautar ƙasa. Asali ni rahoto kawai nake rubutawa, sai mai kula da horarwa ta yi aure ta koma Abuja, oga ya ce ai ke kin karanci aikin jarida, ki riƙe. Albashi bai motsa ba, amma wannan maganar wata rana ce. Muna da matasa 60 da aka koya wa ɗinki, gyaran waya da girki. Yanzu masu ba da tallafi sun ce a ƙara musu dabarun mu'amala: magana da kwastoma, cika alƙawari, aiki da wasu, danne fushi.

Kwana uku na yi ina haɗa silaid 48, wato shafukan darasi da ake haskawa da majigi. Ranar Asabar aka ɗauke wuta, janareta ya ƙi tashi sai wajen sha ɗaya. Da na fara, samarin na danna waya, 'yan matan kuma sun yi tsit kamar a gidan makoki. Na ce akwai mai tambaya? Wani daga baya ya ce, "Anti, yaushe za a ba da kuɗin mota?" Ɗaki ya kwashe da dariya. Wallahi sai da na shiga banɗaki na yi kuka. Yanzu oga ya ce in sake, amma a sa su su riƙa magana. Ta ina zan fara?

Baban Amir: Wa alaikumus salam ƙanwata. Na fi shekara goma a harkar nan, don haka ki saurare ni. Ki kashe majigin nan. Ba a koyar da hali da silaid. Ki raba su shida-shida, kowane rukuni ki ba shi matsala daga cikin sana'arsa. Misali: gobe Sallah, mata ta zo karɓar ɗinki, tela ko yanka yadin bai yi ba. Biyu su fito su kwaikwaya, minti uku kacal. Sai ki tsayar, ki tambayi sauran: me kuka gani? Wace kalma ce ta hura wutar? Da kai ne me za ka ce? Sannan su sake yi da gyaran. Wannan shi ne zagayen koyo da masanin ilimi David Kolb ya bayyana a 1984: a aikata, a waiwaya, a ciro darasi, a sake gwadawa. Ai bincike ya nuna mutum kashi 10 yake riƙewa cikin abin da ya karanta, amma kashi 90 cikin abin da ya yi da hannunsa.

Anti Mai Keke: Ku kullum tela ne abin misalinku. Ba ku ganin masu kawo atamfa ana saura kwana biyu Sallah, su ce ɗinkin da suka gani a Instagram suke so, in an gama su ce za su turo kuɗi? Akwai wadda tun Babbar Sallar bara nake binta. Kwastomomi ma a shirya musu bita.

Ummu Nabila: Na gode Baban Amir. Amma silaid ɗin ba za su ciru ba, da su nake haɗa rahoto, kuma masu tallafin sun riga sun gani sun amince. Sannan ni kaɗai ce, ya zan yi da rukuni goma?

Baban Amir: Ki tura musu silaid ɗin a rahoto, ki koyar ba tare da su ba. Wa zai zo ya duba? Rukuni kuwa kowanne ya zaɓi shugabansa. Ke zagayawa kawai za ki yi da agogo a hannu.

Ɗan Farm Centre: Hajiya a faɗa miki gaskiya, yaran nan kuɗin mota da shinkafa ke kawo su. Ni yara huɗu ne a shagona, ba wanda ya koyi tarbar kwastoma a otal. A gabana suke gani: mutum ya kawo waya ta mutu, yana zagi wai mun sace masa batir, in lallaɓa shi har ya tafi yana godiya. Ɗaya na koya wa aiki shekara biyu, ya buɗe shago a layin bayana ya kwashe min kwastomomi, ko sallama babu. In za ki ji tawa, ki ɗauko ɗan kasuwa na gaske daga Kwari ko wajenmu ya ba su labari, sun fi jin maganarsa.

Malamar Firamare: Ba ki faɗa mana shekarunsu ba, ko awa nawa aka ba ki. Amma shirun 'yan matan ba rashin fahimta ba ne. Budurwa ba za ta tashi gaban samari talatin ta yi wasan faɗa da kwastoma ba, gobe a riƙa tsokanarta a unguwa. Ki ware su, ko da na awar farko ne, za ki sha mamakin bakinsu. Kuma wane harshe kika yi amfani da shi?

Ummu Nabila: Turanci ne a rubuce, amma ina fassarawa. Warewa kuma ba zai yiwu ba Malama, ɗaki ɗaya muka kama, kuma ana son hoto ya nuna maza da mata tare.

Ɗalibin Samaru: Baban Amir, da girmamawa, waɗannan alƙaluman na kashi 10 da 90 ba su da tushe. Ana jingina su ga zanen hanyoyin koyo da masanin ilimi Edgar Dale ya yi a 1946, alhali shi bai sa lamba ko ɗaya a ciki ba. Amma wasan kwaikwayon na yarda da shi. Sashen wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello ya daɗe yana fita da irinsa cikin al'umma a Samaru da ƙauyuka. Akwai kuma salon Augusto Boal, masanin wasan kwaikwayo na Burazil: ana cikin wasa ɗan kallo zai ce a tsaya, ya hau ya karɓi matsayin wanda aka ƙuntata wa, ya gwada tasa dabarar. Wannan zai fi jan masu kunya, domin sai wanda ya ga zai iya ne zai fito.

Baban Amir: Ɗan boko, ni a fili na koya, ba a laburare ba. Ƙanwata, abu na ƙarshe: kuɗin mota sai an tashi, kuma sai wanda rukuninsa ya gabatar.

Malamar Firamare: A'a Alhaji, wannan ai hukunci ne. Wata bashi ta ci ta hau adaidaita, hankalinta na kan kuɗin. A ba su da safe a huta, wanda ya zauna bayan nan don koyo ya zauna.

Ɗan Farm Centre: Ki ba su da safe ki ga ko mutum goma za su kai Azahar.

Ummu Nabila: Kuɗin ba a hannuna yake ba, akanta ne ke kawowa, ran nan ma sai ƙarfe huɗu ya iso. Na dai rage silaid ɗin zuwa 30, zan sa wasan telan a ƙarshe in lokaci ya ragu. Don Allah akwai wanda ya san inda ake hayar janareta mai kyau wajen Zoo Road?

Anti Mai Keke: Wai telan dai za a saka?