Sista, mai zuhudu, ko baruhubaniya?

Jama'a masu fassara, kalmar Turanci "nun" har yau ba ta da matsuguni a Hausa. Mace ce 'yar Katolika da ta yi alkawarin barin aure da mallakar dukiya, ta shiga gidan ibada ta zauna. Duk kalmar da za a kawo, a fara gwada ta a kan Juana Inés de la Cruz, wata "nun" marubuciya ta Meziko, zamanin mulkin Turawan Sifen.

Ta shiga gidan ibada na San Jerónimo a 1669. A 1690 bishop na Puebla, Manuel Fernández de Santa Cruz, ya buga sukar da ta yi wa wata huɗuba ta Fada António Vieira, ya haɗa da wasiƙa da ya sa wa hannu da sunan mace, Sor Filotea, yana yi wa Juana nasiha ta rage karatun duniya. A Maris 1691 ta mayar da martani. Ta ce ba a fahimtar littafi mai tsarki sai da mantiƙi da tarihi da lissafi. Ta jero mata masu ilimi, su Debora da Sarauniyar Sheba. Umarnin Manzo Bulus na mata su yi shiru a coci kuwa, ta ce wa'azi a bainar jama'a ya hana, bai hana karatu da rubutu ba.

To, "mai zuhudu" ta faɗi tun a nan. Ɗakin matar nan cike yake da littattafai da kayan kiɗa, tana rubuta wa fadar gwamna waƙoƙi da wasan kwaikwayo. Wane gudun duniya?

Wani malami ya ce "mai kulle". Allah ya gafarta Malam, kulle na matar aure ne, ita kuwa da alƙalaminta ta rubuta cewa ƙin aure ne ya kai ta can.

"Sista" ita ce a bakin Kiristocin Arewa, kuma daidai take da Sor da ake sa wa gaban sunanta. Sai dai a asibiti ma akwai sista. Ka rubuta "wata sista ta ƙalubalanci bishop", rabin masu karatu za su ɗauka ma'aikaciyar jinya ce.

Ni na tsaya a kan baruhubaniya. Masu sauraron tafsiri sun san ruhubanawa da ruhubananci, sai mu bi ƙirar Bahaushe da Bahaushiya: baruhubane, baruhubaniya. Tana nuna alkawari da zaman gidan ibada, ba ta ce mai ita ta rabu da littafi ba.

'Yan uwa Katolika za su ce kalmar ta fito daga zauren tafsirin Musulmi. Gaskiya ne. Shi ya sa wajen kira a bar Sista Juana, a labari kuma a rubuta baruhubaniya. Jam'i, ruhubanawa mata.