Shawarwari kan neman tallafin iyali a ƙaramar hukuma

A wani zama da aka yi kan neman tallafin iyali, abin da mahalarta suka fi nanatawa shi ne takardu. Maigida ya tanadi lambar NIN tasa da ta uwargida, da takardar haihuwar kowane yaro daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, ya adana su a leda ɗaya kafin a ce an fara rajista. Tallafin kuɗi na gwamnatin tarayya ta rajistar masu ƙaramin ƙarfi yake bi, kuma ba a sayen gurbi. Duk wanda ya ce a ba shi na goro ya saka suna, macuci ne.

Mata sun ƙara da cewa rigakafin yara kyauta ne a asibitin shakatafi, a riƙe katin da kyau. Zawarawa da masu riƙon marayu kuwa, su fara da mai unguwa, ya haɗa su da sashen walwalar jama'a a sakatariya.