Neman shawara: Ɗana ya gurɗe a wurin ƙwallo, yaya zan bambance targaɗe da karaya?

Mai neman shawara:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawararku a kan ɗana mai shekara 14, wanda ya ji ciwo jiya bayan la'asar a filin ƙwallo. Abokansa sun ce tsalle ya yi, da zai dira sai ƙafarsa ta dama ta lanƙwashe ta ciki, ya faɗi a wurin, kuma su ne suka tallafo shi har gida. Idon sawun ya kumbura ta waje kamar ƙwai. Kakarsa ta gasa masa wurin da ruwan zafi, ta shafa man zafi, amma da gari ya waye kumburin ya ƙaru, wurin kuma ya yi duhu. Baffansa ya ce targaɗe ne kawai, a kai shi wurin mai ɗori a ja ƙafar, mahaifinsa kuwa ya yi tafiya, shi ya sa nauyin yanke hukuncin ya faɗo kaina. Yana iya motsa yatsunsa. Ta yaya zan gane ko ƙashin ya taɓu, kuma ina ya dace in kai shi?

Wani ɗan'uwa a zauren:

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba shi lafiya. Tunda yana motsa yatsunsa, ai ba karaya ba ce, domin mu dai haka muka tashi muka ji manya suna faɗa. A bi shawarar baffan nasa.

Wata ma'aikaciyar jinya a sashen ƙashi:

Sannu 'yar'uwa, Allah ya ƙara sauƙi. Malam, ka yi haƙuri zan saɓa maka, domin wannan magana ta motsa yatsu ta sa mutane da yawa sun makara wajen zuwa asibiti. Tsokar da ke motsa yatsun ƙafa mafi yawanta a ƙwauri take, jijiyoyinta ne suke bi ta idon sawu su isa yatsu, saboda haka ƙashi yana iya tsagewa ko ma ya karye, yatsu kuma su ci gaba da motsi.

Abubuwa uku ne suke jin ciwo a irin wannan faɗuwa. Idan tsoka ce ta ja fiye da ƙima, zafin yakan zauna a cikin naman, kamar a sha-raɓa ko bayan cinya, kuma yana tashi ne idan an yi amfani da wurin. Idan jijiyoyin da suke ɗaure ƙashi da ƙashi a gaɓa ne suka miƙe ko suka yage, shi ne targaɗe, kuma a idon sawu yawanci zafin yana ɗan gaba da ƙashin da ya turo ta waje, ko kuma a ƙasansa, a wuri mai taushi. Idan kuwa ƙashin ne, zafin yana kan ƙashin kansa. Matsalar ita ce kumburi da taruwar jini ba sa bambance targaɗe da karaya, har likita ma ba ya yanke hukunci da ido kaɗai.

Akwai ƙa'idar da likitoci a birnin Ottawa na ƙasar Kanada suka fitar a shekarar 1992 domin gane wanda yake bukatar hoton ƙashi (X-ray), kuma za ki iya gwada ta a gida. Ki sa yatsa ki danna a hankali a kan ƙarshen ƙashin idon sawu da gefensa na baya, ki hau sama kimanin santimita 6, ki yi haka ta waje da ta ciki. Sannan ki danna ɗan ƙashin da ya turo a gefen ƙafa ta waje, a tsakiyar hanya tsakanin dunduniya da ƙaramin yatsa, da kuma wanda ya turo ta ciki a saman kwarmin tafin ƙafa. Daga nan ki ga ko zai iya taku huɗu, ko da da ɗingishi ne. Idan ɗaya daga cikin wuraren nan ya yi masa zafi, ko kuma tun lokacin da ya faɗi har yanzu bai iya takun ba, to sai an ɗauki hoto.

Shekarunsa ma suna ƙara mini damuwa. A ƙarshen dogayen ƙasusuwan yaro akwai guringuntsi wanda ta nan ƙashin yake ƙara tsawo, kuma ba ya gama rufewa sai yaro ya kusa gama tsayi. Wannan wuri yakan fi jijiyoyin da ke kewaye da shi rauni, shi ya sa faɗuwar da za ta ba babba targaɗe tana iya taɓa ƙashin yaro. Don Allah kada a bari kowa ya ja ƙafar ko ya murɗa ta kafin a ga hoto, domin tsagewar da take zaune a wurinta tana iya gocewa a hannun mai ja.

Wata uwa:

To gashin da kaka ta yi fa? Mu ma haka muke yi wa namu.

Ma'aikaciyar jinya:

Niyyar kaka mai kyau ce, amma lokacin ne bai yi ba. A kwana biyu zuwa uku na farko ƙananan hanyoyin jini da suka fashe suna tsiyaya a ciki, zafi da tausa kuma suna ƙara buɗe su, abin da ya sa kumburin yake hauhawa. Sanyi ake so yanzu. A naɗe ledar ruwa mai ƙanƙara a cikin tawul, a ɗora minti 15 zuwa 20, a maimaita bayan awa biyu ko uku, kada kuma ƙanƙarar ta taɓa fata kai tsaye. Idan ya kwanta a tara filo a ƙarƙashin ƙafar har ta fi ƙirjinsa tudu. Farasitamol ya isa rage zafin, a bi adadin da ya dace da nauyinsa, kuma kada a haɗa masa magungunan ciwon jiki kala-kala a kemis, musamman idan yana da olsa.

Wani dattijo:

'Yata, ni na girma a gidan da ake girmama masu ɗori, kuma na san waɗanda aka ɗora suka warke sumul, saboda haka ba raini zan yi wa sana'ar ba. Amma zan faɗa miki abin da na gani da idona. Jikan wani maƙwabcina ya faɗo daga katanga, gwiwar hannunsa ta kumbura, aka jera masa karare aka ɗaure tamau da tsumma. Yaron ya kwana yana kuka, ana cewa ƙashi ne yake kamawa. Da na shiga dubiya na ga yatsunsa sun kumbura sun yi sheƙi, na taɓa na ji su sanyi ƙalau, kuma ko an tsungule shi ba ya ji. Kafin a yarda a kwance ɗorin hannun ya riga ya lalace, har yau kuma a ƙanƙame yake, ba ya iya riƙe cokali da shi. Likita ya bayyana mana cewa gaɓar da ta ji ciwo tana ci gaba da kumbura, idan aka ɗaure ta da ƙarfi sai jini ya rasa hanya, naman ya mutu cikin 'yan awanni. Idan baffan nasa ya matsa, ki ce masa a fara ganin hoto tukuna, ai hoton ba ya hana komai.

Mai neman shawara:

Na gode ƙwarai Baba, Allah ya ƙara girma. Anti, na gwada yadda kika ce. Da na danna bayan ƙashin na waje ya yi ƙara ya janye ƙafar, kuma ya kasa taku ko ɗaya. Muna Kano ne, sai mun je Dala ko akwai wani wuri?

Ma'aikaciyar jinya:

Ku tafi yau, kada ku jira mahaifinsa ya dawo, ki kira shi a waya ki sanar da shi. Asibitin Ƙashi na Dala aikinsu ke nan, amma duk babban asibitin da yake da na'urar ɗaukar hoton ƙashi da likitan da zai duba ya wadatar a matakin farko. Kada ya taka ƙafar a hanya, a zaunar da shi a bayan mota ya miƙe ta a kan kujera. Ga masu karantawa kuma, idan an ga gaɓa ta karkace, ko ƙashi ya huda fata, ko yatsu sun yi sanyi sun sage, wannan ba a gwada komai a gida, a rufe raunin da tsumma mai tsabta a wuce sashen gaggawa.

Mai neman shawara:

Alhamdu lillahi mun je mun dawo. Hoton ya nuna tsagewa a ƙarshen siririn ƙashin ƙwauri na waje, amma bai goce ba, an sa masa filasta, wato simintin da ake ɗaure karaya da shi a asibiti, an ba mu ranar komawa. Yanzu tambayata ita ce yadda zan kula da filastar, sannan shi kuma tun a mota yake tambayata yaushe zai koma ƙwallo.

Wani ma'aikacin sashen gashin ƙashi:

Barka Hajiya, Allah ya sa kaffara ne. Kada ruwa ya taɓa filastar, idan zai yi wanka a sa ƙafar a leda a ɗaure bakin, a ɗora ta a kan kujera. Zai ji ƙaiƙayi a ciki, kuma yara sukan zura tsinke ko biro su sosa, to ki hana shi, domin ƙaramin ƙurji a ƙarƙashin filasta yana iya zama gyambo ba tare da kowa ya gani ba. Ya riƙa motsa yatsunsa, ke kuma ki duba su safe da yamma. Filasta ma tana iya matsewa kamar ɗorin da Baba ya ba da labari, saboda haka idan zafin yana ƙaruwa maimakon raguwa, ko yatsun suka canza launi, ko kika ji wari, ku koma nan take ko da tsakar dare ne.

Irin wannan tsagewa takan ɗauki kimanin mako huɗu zuwa shida a filasta, amma likitansa ne zai tsayar da ranar cirewa. Inda iyaye suka fi sakaci shi ne bayan an cire, domin ƙafar za ta fito a rame, gaɓar ta yi tauri, kuma ta rage sanin yadda za ta daidaita kanta a ƙasa marar lebur, abin da ke sa yaro ya sake gurɗewa a wuri ɗaya. Zai fara da juya ƙafar yana zana haruffa a iska da babban yatsa, sannan ya riƙa ɗage dunduniya yana dafe da bango, daga baya ya koyi tsayawa a kan ƙafar ita kaɗai. Ki gaya masa zai koma fili ne idan ya iya tsalle da ƙafar, ya yi gudu ya juya da sauri ba tare da zafi ko kumburi washegari ba, kuma likita ya sallame shi. Ranar da za a cire filastar ki roƙi a tura ku sashenmu domin a nuna masa motsin da hannu.