"Bashi hanji ne, yana cikin kowa": a bakin wa ta dace?

Mai Butik a Sabon Gari:
Assalamu alaikum jama'a. Karin maganar da nake so mu tattauna yau ba baƙuwa ba ce: "Bashi hanji ne, yana cikin kowa." Tun muna yara a nan Damagaram muke jin ta a matsayin maganar lallashi. Amma ni yanzu na fi jin ta daga bakin waɗanda nake bi. Ka buɗe littafi ka nuna wa mutum shinkafa da mai da sabulun da ya ɗauka tun kafin azumi, sai ya ce maka, "Haba Alhaji, ai bashi hanji ne." Ni kuwa mai sarin da ya ba ni kayan yana jirana ranar Alhamis a kasuwar Dole. To magabata sun yi ta ne don su rage wa mai bashi kunya, ko don ya samu wurin fakewa?

Tsohon Malamin Lakwal:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Hanji kowa na da shi, kuma ba wanda ke ganin na wani. Abin da maganar ke cewa ke nan: wanda ka gani da babbar riga a sahun gaba, shi ma akwai mai binsa, don haka kada ka wulaƙanta wanda nasa ya fito fili.

Mu da muka yi aikin gwamnati a shekarun 1990 mun san ta a jikinmu. A watan Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, kayan da ake shigowa da su suka yi tsada, ga albashi ana yin watanni ba a biya ba. Kusan kowane malami yana da shafinsa a littafin mai butik. Yunwa ba ita ta fi ci mini rai ba. Abin da ya fi ciwo shi ne canza hanya. Ina koyar da yara gaskiya da safe, da marece ina zagayawa ta bayan layi don kada mu haɗa ido da mutumin da ke bina. Shi da kansa ya aiko yaro ya kira ni, ya ce, "Malam, bashi hanji ne, ka dawo hanyarka." A ranar na yi barci. Shi ya sa nake cewa maganar ta mai bi ce, shi ke faɗa wa wanda yake bi. In wanda ake bi ya riga shi faɗa, ya ƙwace abin da ba nasa ba.

Ɗan Kabu-kabu:
Baba Malam, ka gafarce ni, ni ba na son karin maganar nan ko a bakin wa. Hanji ai ba a rabuwa da shi sai an mutu. Duk sa'ad da aka ce mini haka, abin da kunnena ke ji shi ne: ka saba kawai, ba za ka fita ba.

Moto ɗin da nake aiki da shi wani bawan Allah ya saya mini, ina zuba masa kullum har kuɗin su cika ya zama nawa. A kan wannan kuma ga na magani da na ranta lokacin da mahaifiyata ta kwanta. Na daina zubin shayi a fada, majalisarmu ta samari. Na daina tsayawa wurin mai nama. Sallar da ta wuce da tsohuwar shadda na je idi. Duk wannan zan iya. Wanda ba na iyawa shi ne sunan da aka sa mini: marowaci. Abokin da muka tashi tare ya yi aure, abin da na kai masa ni kaina na ji nauyinsa, har yau gaisuwarmu ba ta koma yadda take ba. Suna ganina da kuɗi a hannu da marece, ba su san kuɗin ba nawa ba ne. Wani dare ina kwance lissafi kawai nake yi, in cire na mai moto, in cire na esansi, in ga abin da ya rage, in sake daga farko kamar zai ƙaru.

Uwar Adashi daga Zango:
Ɗana, Allah ya yi maka albarka, ya fid da kai. Wanda ya ce maka marowaci bai taɓa kwana da nauyin wani a wuyansa ba.

Ku maza kuna maganar bashin da ke cikin littafi. Namu na mata ko rubuta shi ba a yi, kuma ya fi naku naci. Wadda ta kawo miki jika 5 ranar sunan ɗanki, ranar nata sai kin mayar, har da ƙari in kina son a ce kin san zumunci. Ga anko, ga kayan ɗakin ƴa, ga gara. Na ga matar da ta kwashi adashinta ranar Juma'a, kafin Lahadi ya ƙare a biki, ta koma tana zubi wata da watanni a kan abin da ba ta ga amfaninsa ba. In ka yi mata magana ta ce bashi hanji ne. Ni amsar da nake ba su ita ce zanen aro ba ya rufe katara.

Shekarar da na ɗauki niyyar sauke abin da ke kaina, na faɗa wa dangi ba ni cikin anko ko na wa ne. Na je bikin ƴar ƙanwata da zanen da kowa ya san shi. Na yi kuka da na dawo gida, ba zan ɓoye muku ba, don na ji abin da aka faɗa a bayana. Amma kukan na dare ɗaya ne. Wanda nake yi kafin nan, in na ji sallama a ƙofa gabana ya faɗi, na kullum ne.

Manomi daga Mirya:
Hajiya, maganarki gaskiya ce ga mai abin ragewa. Mu me za mu rage? A watan Agusta rumbu ya ƙare, gero na gona bai nuna ba, yara na kallonka. Ka je ka karɓi hatsi a lokacin da tiya ta fi tsada, ka biya da kaka a lokacin da ta fi araha. Kafin ka kai damin gida an riga an raba shi. Baɗi kuma haka. Ana ce mana guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni, to wanda ko guntun ba shi da shi fa? Ni in aka ce bashi hanji ne ba na jin lallashi, ba na jin fakewa, labarin gidana kawai nake ji. Kada a haɗa mai bashin anko da mai bashin tuwon dare a kwano ɗaya.

Malam na Birni:
Ba a haɗa su ba, ɗan'uwa, addini ma bai haɗa su ba. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan bashi take: a rubuta, a sa shaidu. Aya ta 280 kuma ta ce in wanda ake bi yana cikin ƙunci a jira shi har ya samu sauƙi, yafewa kuma ta fi alheri. A Suratut Tauba, aya ta 60, waɗanda bashi ya danne suna cikin mutane takwas da ake ba zakka. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya rasu sulkensa yana jingine a kan sha'irin da ya karɓa wa iyalinsa. Don haka cin bashi don buƙata ba abin kunya ba ne, a nan karin maganar ta yi daidai.

Inda ba ta isa ba shi ne wajen biya. Hadisi ya ce jinkirin mai hali zalunci ne, wani kuma ya ce ran mumini a rataye yake da bashinsa har sai an biya masa. Shi ya sa a wurin jana'iza ake shelar duk mai bin mamaci ya zo ya faɗa. Alhaji mai butik, wanda ke da shi ya hana ka ya kawo maka karin magana, ya zalunce ka. Ɗan kabu-kabu kuwa, tsohuwar shaddar nan da ka je idi da ita, lada kake samu a kanta.

Mai Butik a Sabon Gari:
Allah ya saka, Malam. Ni ma ana bina, kada a ɗauka daga tudu nake magana. Da aka rufe iyakar Najeriya bayan juyin mulkin da aka yi a nan Nijar ranar 26 ga Yulin 2023, har zuwa farkon 2024, kayan Kano suka yi wuya, masu ɗauka a rubuce suka ƙaru, ni kuma na ci na masu sari. Abin da nake roƙo kaɗan ne: mutum ya zo. Wanda ya kawo mini dala ɗari, wato sefa 500, ya ce ga abin da ya samu, wallahi ya fi mini wanda ya ɓace, ko da na biyun ya fi shi niyyar biya. Ɓacewar ce ke sa ka fara zargin mutumin kirki.

Ɗan Kabu-kabu:
Baba Malam, kai da ka gama naka, yaya mutum ke ji ranar da ya kai na ƙarshe? Ina yawan tunanin ranar.

Tsohon Malamin Lakwal:
Ba irin murnar da kake zato ba ce, ɗana. Na dawo gida jikina a sake kamar wanda zazzaɓi ya saki, amma tsoron bai tafi tare da bashin ba. Na daɗe in uwargida ta ce a sayo nama sai in ji raina ya ɓaci, alhali kuɗin akwai. Ita ce ta sha wahalar tsimin fiye da ni, ita ke auna tiya ta kai inda ba ta isa kaiwa ba, kuma ba ta san adadin abin da ake bina ba sai daga baya. Kana da iyali?

Ɗan Kabu-kabu:
Ina da mata da yarinya ɗaya. Ta san ana bina, ba ta san nawa ba ne. Ba na so in ɗora mata damuwa.

Uwar Adashi daga Zango:
Ka riga ka ɗora mata, ɗana, tun ranar da cefane ya ragu ba ta san dalili ba. Mace in ba ta san lissafi ba, sai ta zaci ko wani wuri kuɗin ke zuwa. Zaunar da ita yau bayan isha'i, ka faɗa mata nawa ya rage na moto, nawa na magani, da watan da kake sa ran gamawa. Kuma kada ka shiga adashin kowa kafin ka gama, ko nawa ne, ko da ni na kira ka.