Wai ya ake gwada hannayen hasumiyar nan da ke cafe roka?

Mai_Sukurdireba:
Salam 'yan uwa. Jiya na sake kallon bidiyon da hasumiyar kamfanin SpaceX ta cafe bustar rokarsu Starship, wato ɓangaren ƙasa da ke cilla rokar sama, a Boca Chica, jihar Texas, ranar 13 ga Oktoba 2024, har yanzu abin na ɗaure min kai. Abu mai tsayin kusan mita 70 ya dawo daga sama yana aman wuta, hannaye biyu suka rungume shi kamar wasa. To kafin ranar ya suka gwada hannayen a ƙasa? Ai ba za ka jefo roka don gwaji kawai ba, in ta kuskure hasumiyar ma ta tafi.

Injiniya_Tsoho:
Wa alaikumus salam ɗan uwa. Ba lokaci ɗaya ake gwada komai ba, gutsi-gutsi ake yi. Na farko nauyi. Tun farkon 2022 sun rataya wa hannayen manyan jakunkuna suka riƙa ɗura musu ruwa, a ga ko ƙarfen zai lanƙwashe ko walda za ta buɗe. Dabarar ruwan ita ce kana ƙara nauyi kaɗan-kaɗan kana duba na'urorin awo, in ka ga abin zai ɓaci sai ka buɗe famfo ya tsiyaye, ba kamar kankare ba da in ka ɗora ka ɗora kenan. Masu gwajin kuren, injin nan na ɗaga kaya masu nauyi, sun daɗe suna haka.

Sai saurin rufewa, wanda a ganina shi ne mai wuyar. A 2024 sun kafa wani guntun tanki mai faɗin bustar, mita 9, suka riƙa rufo hannu da sauri yana bugunsa, su je su duba inda ya lotsa, su gyara, su sake. Don in hannun ya yi sanyi roka ta wuce, in ya zo da ƙarfi kuma ya matse tankin da ke da sauran mai a ciki, ka ga an yi ba a yi ba.

Ummu_Taurari:
Malam ƙarin bayani kaɗan, hannayen ba matse ta suke ba fa. Akwai wasu 'yan ƙusoshi biyu a can saman bustar, ƙasan fikafikan nan masu kama da raga, su ne ke sauka a kan dogon ƙarfen da ke bisa hannayen, shi kuma ya ɗan nutsa ya shanye jijjigar. Ka sake kallon bidiyon a hankali za ka gani.

Mai_Sukurdireba:
Na gode Hajiya, wallahi da na ɗauka rungumar ce ke riƙe ta. Amma tankin da aka kafa a ƙasa ai ba ya motsi, ita kuwa tana zuwa a karkace ga iska ga wutar injina uku. Anya gwajin ya isa?

Injiniya_Tsoho:
Bai isa ba kam, sauran a kwamfuta ake lissafa shi, shi ya sa a tashin Starship na huɗu, Yuni 2024, suka fara saukar da ita a kan teku kamar akwai hasumiya a wurin, su ga ko za ta tsaya daidai inda aka ce mata. Kuma ko ranar tashin ba a daina duba hasumiyar ba, dole na'urorinta su nuna lafiya lau kafin a ba bustar izinin dawowa. A tashi na shida, 19 ga Nuwamba 2024, bustar ƙalau take, hasumiyar ce ta samu matsalar sadarwa bayan tashin, sai aka karkatar da ita teku. Sun gyara, suka cafe a Janairu 2025, suka sake a Maris.

Sarkin_Musu:
Ni dai har yanzu ban ga laifin ƙafafu ba, Falcon 9, ɗaya rokar SpaceX ɗin, tun 2015 take sauka da ƙafarta ba hayaniya. Na san za ku ce ƙafa nauyi ce, a bar nauyin a ƙasa, na ji. Amma ranar da ta kuskure ta daki hasumiya, wata nawa za a yi ana gini?