Musayar waƙa: waɗanda sunka yi dutin korona su taho

Nas Ɗin Dare:
Salam 'yan uwa. Yaran da sunka kama aiki bana wai korona labari ce gare su, shi ne nac ce bari in aza baiti wanda yaj ji ya amsa, amsa-amo "wa" ne don Allah kada a karya muna.

Afrilun 2020 tat taho, rana na ƙonawa,
Azumi ya kama, rigar leda muna sawa,
Zuhwa har cikin takalmi, ba halin cirewa,
Takunkumi ya ci kunne, dare ba ya ƙarewa.

Inna Ungozoma:
Ɗana kai duti kaka yi, kana sauka kana hutawa,
Haihuwa ba ta san kulle ba, ba ta jinkirtawa,
Mai naƙuda na tari, ni ko ina karɓawa,
Jikana ya rugo gare ni, in hana shi taɓawa.

Wanga na ƙarshe shi yaf fi ci min rai wallahi, yaro na kuka ina ce mai tsaya can sai na yi wanka.

Mai Lab:
Sannu Inna. Mu ad da tsinken hanci, kowa na gujewa,
Wai ciwon masu kuɗi ne, mu ka ƙirƙirawa,
Mai shayin unguwarmu kofina yaka warewa,
Alawus na haɗari naira 5,000 lokacin nan, kahin goma ga wata ya ƙarewa.

Nas Ɗin Dare:
Malam "ya ƙarewa" kuma? Hausa ta karye amma mun yahe don zancen alawus gaskiya ne 😂

Direban Ambulan:
Ni ban iya waƙa ba amma ga tawa. Amanawa nan ne asibitin da anka killace masu korona a Sakkwato.

Ni ad da jigila kullum, hanyar Amanawa,
Ranar da wani yar rasu muna gab da isawa,
Na aje mota gefen titi, hannu na karkarwa,
Nas yaz zauna kusa da ni, bai ce komi ba sai rarrashi da dahwawa.

Inna Ungozoma:
Haka munka yi ta ɗana, kowa na tallabawa,
Kunun da nika damawa, ku ka shanyewa,
Maris 2021 rigakafi yaz zo, mu munka hwara miƙawa,
Damina tai, kwalara tac ce ga ni nan tahowa.

Mai Lab:
Inna hulas ɗinki na kunu har yau shina wurina.

Inna Ungozoma:
Na sani. Ka aiko shi gobe, da murfinai.